Ka Tsinci Fasfo? Ga Yadda Za Ka Nemo Mai Shi, Mataki-Mataki

Tambayar nan ta yawaita daga masu karatu, kowa da yadda abin ya same shi. Wani direba ne, ya sauke fasinja sai ya ga fasfo a ƙarƙashin kujerar baya. Wata ma'aikaciyar otal ce, ta ɗaga matashin kai ta gan shi bayan baƙo ya tafi. Wani kuma a ɗakin jiran jirgi ya hango shi yashe a ƙasa, mutane suna ta tsallake shi. Dukansu abu ɗaya suke son sani: ta yaya littafin nan zai koma hannun mai shi da wuri, ba tare da mai tsintuwa ya jefa kansa cikin rigima ba?

Akwai abu biyu da za ka riƙe, domin a kansu duk matakan suka ginu. Na farko, lokaci ne mafi tsada a wannan aikin. Ranar da mai fasfo ya kai rahoton ɓatansa ga hukumar ƙasarsa, soke shi ake yi, kuma wanda aka soke ba ya dawowa aiki ko da an gan shi bayan awa ɗaya. Amurka da Birtaniya sun faɗi haka ƙarara a ƙa'idojinsu, kuma akasarin ƙasashe haka suke yi. Abin da ka yi a awannin farko ya fi duk wahalar da za ka sha bayan mako guda. Na biyu, ba gidan mutumin kake nema ba. Wanda ya yar da fasfo ba ya iya zama. Yana bin sawun kansa, daga wurin da ya zauna zuwa motar da ya shiga, zuwa masauƙinsa, zuwa ofishin 'yan sanda, daga ƙarshe ofishin jakadancin ƙasarsa. Aikinka shi ne ka ajiye labari a duk inda ka san zai bi, har ku ci karo.

Abin da za ka tanada

Waya mai kuɗin kira da intanet, biro da takarda, ambulan mai kauri ko leda mai rufewa, sai katin shaidarka, domin duk ofishin da za ka je zai so ya san wanda ya kawo. Kashe kuɗin bai wuce na kira da na mota ba, sai na aikawa idan abin ya kai ga haka. Miƙa fasfon tsintuwa ga 'yan sanda ko ofishin jakadanci ba abin biya ba ne. Duk wanda ya ce ka ba shi wani abu kafin ya karɓa, ka nemi na gaba da shi.

1. Tsaya a wurin, ka rubuta abin da ka gani

Kada ka ɗauka ka wuce. Idan kana da hali, ka dakata minti 15 zuwa 20 a inda ka tsince shi. Mutane da yawa suna farga da wuri, musamman matafiya, domin a filin jirgi ko kan iyaka ba a daɗewa ba a nemi fasfo ba. Buɗe shafin hoto, ka dubi fuskar, ka waiga. Mai shi ba ya ɓoyuwa: za ka gan shi yana lalube aljihu, yana zazzage jaka, idonsa a ƙasa.

Yayin da kake jira, rubuta rana, lokaci, da ainihin wurin, kamar lambar kujera, lambar ƙofar shiga jirgi ko lambar ɗaki. Rubuta kuma duk abin da ke tare da shi: kuɗi, katuna, tikiti. Idan da wani a kusa, ka ƙirga a gabansa. Wannan 'yar takardar ita ce kariyarka ranar da wani zai ce akwai kuɗi a ciki.

Gargaɗi: idan fasfon yana kan jakar da babu mai ita a filin jirgi ko tashar jirgin ƙasa, kada ka taɓa jakar, kada ka buɗe ta don neman adireshi. Kira jami'in tsaro, ka nuna masa daga nesa.

2. Karanta littafin bi da bi

A nan ne mafi yawan mutane suke gaggawa, su ga suna su rufe, alhali amsar tana iya kasancewa a shafi na ƙarshe. Ka bi wannan jerin.

Fara da shafin hoto. Rubuta cikakken suna, ƙasar da ta bayar, da ranar ƙarewar wa'adi. Idan rubutun ba wanda kake iya karantawa ba ne, sauka ƙasan shafin. Akwai layuka biyu masu cike da alamar <, kowane layi da haruffa 44. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ta tsara su, shi ya sa iri ɗaya ne a fasfon kowace ƙasa, kuma da baƙaƙen boko ake rubuta su. Layin farko yana farawa da P, sai wata alama ko harafi ɗaya, sai haruffa uku na ƙasa, sai sunan dangi, sai alamar << biyu a jere, sannan sunan yanka. Kula da haruffan ƙasa sosai, domin suna ruɗarwa: AUT Ostiriya ce, AUS kuma Ostireliya; CHE Suwizalan, ZAF Afirka ta Kudu, DZA Aljeriya, Jamus kuwa harafin D kaɗai take sakawa. A layi na biyu akwai lambar fasfo, ranar haihuwa da ranar ƙarewa, kuma shekara ake fara rubutawa, sai wata, sai rana. Wato 910305 na nufin 5 ga Maris, 1991. Wanda ya kai fasfon Ostiriya ofishin Ostireliya ya ɓatar da yini guda a banza, kuma yinin nan shi ne mai muhimmanci.

Daga nan nemi shafin gaggawa. Fasfon Birtaniya da na Amurka, da na wasu ƙasashe, suna da wurin da mai shi zai rubuta sunan wanda za a kira idan wani abu ya same shi. Na Indiya kuwa an saba buga adireshi da sunayen iyaye a shafinsa na ƙarshe. Ba kowa ke cike shafin gaggawa ba, amma idan ka same shi a cike, rabin aikinka ya ƙare.

Juya bayan bangon. Ma'aikatan kamfanin jirgi sukan manna 'yar takardar shaidar kaya a nan. Tana ɗauke da suna, lambar jirgi, rana da inda aka nufa. Haruffa biyun farko na lambar jirgi su ne ke nuna kamfani: EK na Emirates ne, TK na Turkish Airlines, ET na Ethiopian Airlines, BA na British Airways. Da wannan takardar kaɗai za ka iya sanin ko mutumin yanzu ya sauka ko kuwa tafiya ce ta bara.

Sai takardun da aka cusa a tsakiya: katin shiga jirgi, katin rigakafi mai hatimin asibiti, rasidin canjin kuɗi, katin otal, katin kasuwanci. Idan fasfon yana cikin riga ta fata ko ta roba, zare shi a hankali ka duba aljihunanta. Mutane sukan ɓoye lambar waya a nan, su ma su manta.

Ƙarshe biza da hatimai. Biza takan faɗi fiye da yadda ake zato. Bizar karatu ta Amurka, alal misali, tana ɗauke da sunan makarantar, ta wasu ma'aikata kuma da sunan kamfanin da ya ɗauke su. Hatimin shiga na baya-bayan nan zai gaya maka ko baƙo ne mai wucewa ko mazauni. Baƙo mai tikitin komawa shi ya fi kowa shiga uku, don haka nasa ya fi gaggawa.

Gargaɗi: kada ka yi rubutu a ciki, kada ka ɓare wata takarda da aka manna, kada ka yanke kusurwa sai idan hukumar da ta ba da fasfon ce da kanta ta ce a yi haka. Ɗan lahani kaɗan ya isa a ƙi karɓar fasfo a kan iyaka. Idan a jiƙe ka same shi, sa takarda mai tsotse ruwa tsakanin shafuka, ka bar shi ya sha iska a inuwa. Ban da dutsen guga, ban da wuta. Kuma kada ka ɓata lokaci kan 'yar na'urar da ke cikin fasfon zamani, wadda alamarta ke ƙasan bangon gaba. Bayanan shafin hoto take ɗauke da su. Ba ta da lambar waya, ba ta kuma nuna inda mutum yake.

3. Duba ko wannan na 'yan sanda ne kai tsaye

Ba kowace tsintuwa ce za ka bi da kanka ba. Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, tsallake sauran neman, ka nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Fasfo da yawa na mutane daban-daban a wuri ɗaya, waɗanda ba iyali ɗaya ba. Wannan yakan zama alamar sata, ko safarar mutane, ko wani ubangida da ya ƙwace wa ma'aikatansa takardu. Mayar da su ga wanda ya fara zuwa nema na iya zama mayar da su hannun azzalumin. Haka fasfon da ka ga an taɓa hotonsa, ko an kankare rubutu, ko an cire shafuka. Haka wanda ka samu tare da yankakkiyar jaka ko walat da aka kwashe, domin ɓarawo ne ya jefar, kuma mai yiwuwa mai shi ya riga ya kai ƙara. Fasfon ƙaramin yaro shi kaɗai ma, a ganina, hannun hukuma ya fi dacewa da shi. Akwai rigingimun iyaye kan riƙon 'ya'ya waɗanda fasfo ne tsakiyarsu, kuma kai ba ka da hanyar sanin wanda ke da gaskiya.

Wanda wa'adinsa ya ƙare, ko aka huda shi, ko aka yanke kusurwarsa, ba shara ba ne. Wasu bizoji suna ci gaba da aiki a cikin tsohon fasfo. Bizar Amurka mai sauran wa'adi tana aiki idan aka haɗa tsohon littafin da sabon, kuma sake nemanta wahala ce ta watanni da kuɗi mai yawa. Ka bi shi kamar yadda za ka bi sabo.

4. Sanar da wurin da ka tsince shi

Nan ne mai shi zai fara dawowa, don haka nan ne labari zai fara zama.

A filin jirgi, musamman bayan an wuce bincike, kada ka riƙe fasfon ko na minti goma bayan ɗan jiran da ka yi. Kai wa ma'aikatan ƙofar shiga jirgi mafi kusa, ko jami'an shige da fice, ko 'yan sandan filin, ka roƙe su su kira sunan a lasifika. Suna iya duba sunan a kwamfuta su san jirgin da zai hau. A cikin jirgi kuwa, ma'aikatan jirgin za ka ba kafin ka sauka. Kada ka taɓa tsallake iyaka da fasfon wani a aljihunka, ko da niyyarka ka aika masa daga baya. Bayanin da za ka yi wa jami'i idan aka gan shi a jikinka ba mai sauƙi ba ne.

A otal, manaja za ka nema, domin rajistar baƙi tana da lambar waya ko imel. Direban da ke aiki da manhaja irin Uber ya kai rahoto ta cikin manhajar, kamfanin zai haɗa shi da fasinjan. A jirgin ƙasa ko babbar motar haya, akwai ofishin ajiye kayan tsintuwa, kuma sunan mutumin yana iya kasancewa cikin jerin fasinjoji.

A kanti, gidan abinci ko wurin taro, shawarata ita ce ka bar saƙo, kada ka bar littafin, sai idan akwai manaja mai akwatin kullewa da littafin rajista. Fasfon da aka jefa a aljihun tebur, ma'aikacin safe ya tashi na dare bai san da shi ba, ya sake ɓata karo na biyu ke nan. Rubuta: "An tsinci fasfo a nan ranar kaza. Mai shi ya kira wannan lamba." Kada ka sa suna cikakke, kada ka sa ƙasa.

Gargaɗi: duk wanda ka miƙa wa fasfon, rubuta sunansa, muƙaminsa da lokaci, kuma ka nemi rasidi ko lambar rajista. Idan an ce babu, ya sa hannu a takardarka.

5. Kira ofishin jakadanci tun ranar farko

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin wannan sai an gaji da nema. Ofishin jakadanci ko ƙaramin ofishin jakadanci shi ne inda baƙon da ya rasa fasfo dole ya je, domin can ne za a ba shi takardar tafiya ta gaggawa. Idan kiranka ya riga shi isa, ana iya ce masa ya dakata, an gani, kafin a soke.

Ɗauki lambar daga shafin intanet na gwamnatin ƙasar, wato na ma'aikatar harkokin wajenta. Kada ka dogara da lambar farko da ta fito a bincike, domin akwai 'yan damfara da dillalan biza masu shafuka kamar na gaske. Nemi sashen kula da 'yan ƙasa, ba sashen biza ba. Ofisoshi da yawa suna da layin gaggawa na dare da ranakun hutu, kuma wannan dalili ne da ya isa a kira shi. Faɗi suna, lambar fasfo, inda da lokacin da ka tsinta, ka bar lambarka, sannan ka bi kiran da imel don ya zama a rubuce.

Ba za su ba ka adireshi ko lambar mai shi ba, kuma kada ka ji haushi. Dokokin kare sirri ne suka hana, kuma daidai ne. Abin da za ka roƙa shi ne su isar masa da saƙo. Idan ƙasar ba ta da ofishi a inda kake, duba ofishinta na maƙwabciyar ƙasa wanda ke kula da yankin. Ɗan ƙasar Tarayyar Turai da ƙasarsa ba ta da wakilci yana iya neman taimako a ofishin kowace ƙasa ta tarayyar, don haka su ma za ka iya kira. Idan kuwa fasfon na ƙasar da kake ciki ne, hukumar da ke ba da fasfo ita ce madadin ofishin jakadanci.

6. Bi zaren da ka samu a littafin

Yanzu koma kan abin da ka rubuta a mataki na biyu. Fara da lambar shafin gaggawa. Ka gabatar da kanka a taƙaice, kuma ka fara da kwantar da hankali, domin wanda aka kira daga lambar da bai sani ba aka ambaci ɗan'uwansa da ke tafiya, mummunan labari zai fara zato. Ka ce: "Lafiya ƙalau, ba wani abu ne ya faru ba. Fasfonsa na tsinta, na ga lambarku a ciki. Don Allah ku gaya masa ya kira ni kafin ya kai rahoto." Idan yarenku ba ɗaya ba ne, aika rubutaccen saƙo gajere, ka yi amfani da manhajar fassara.

Kamfanin jirgi, makaranta, asibiti ko wurin aiki duk tsari ɗaya ne: ba za su ba ka bayaninsa ba, amma za su iya tura masa naka. A jami'a, ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje ne ya fi saurin amsawa.

Gargaɗi: katin shiga jirgi yana da lambar ajiyar kujera mai haruffa shida. Da ita da sunan dangi ana iya buɗe bayanan tafiyar mutum a shafin kamfanin. Kada ka yi haka, ko da niyyar alheri. Shiga ce cikin abin da ba naka ba, kuma danna wuri ɗaya bisa kuskure na iya taɓa masa tikiti. Karanta wa ma'aikacin kamfanin lambar, shi ya duba.

7. Nema a intanet, da taka-tsantsan

Wannan na zuwa bayan sauran ne, domin ya fi su cin lokaci kuma ya fi su haɗari. Rubuta cikakken sunan a Google, Facebook, Instagram da LinkedIn, ka haɗa da garin haihuwa ko makarantar da ka gani. Gwada juya sunan, na dangi a gaba, sannan a baya, ka kuma gwada cire na tsakiya. Sunayen da aka juyo daga Larabci, Sinanci ko Rashanci sukan zo da rubutu iri-iri. Kwatanta fuska, amma ka tuna hoton fasfo na iya kai shekara goma.

Idan ka ga wanda ya yi kama, aika saƙo na sirri: "Ko kun yar da wata muhimmiyar takarda kwanan nan? Idan haka ne, ku gaya mini wace iri ce da kuma inda kuke zaton ta faɗi." Saƙon wanda ba aboki ba yakan maƙale a wani akwati da ba a cika dubawa ba, don haka za ka iya barin 'yar magana a ƙarƙashin wani abin da ya wallafa cewa ya duba saƙonninsa. Duba kuma ko shi ma ya yi cigiya a zaurukan matafiya, na ɗalibai, ko na 'yan ƙasarsa mazauna wurin.

Gargaɗi, kuma wannan shi ne wanda na fi so a ji: kada ka wallafa hoton shafin fasfo. Ana yawan ganin haka, da rubutun "a yaɗa har ya kai ga mai shi", kuma masu yi da zuciya ɗaya suke yi. Amma suna, ranar haihuwa, lambar fasfo, hoto da sa hannu su ne ainihin kayan aikin masu sojan gona da sunan mutane. Rufe lambar da yatsa bai wadatar ba, domin tana nan kuma a layukan ƙasa. Abin da ya shiga intanet ba ya fitowa, ko ka goge. Idan za ka yi sanarwa, sunan farko da harafin farko na sunan dangi da unguwar da aka tsinta sun isa.

8. Tabbatar kafin ka miƙa

Fasfo na gaske kaya ne mai daraja a hannun miyagu. A jirgin Malesiya mai lamba MH370 da ya ɓace a watan Maris na 2014, an gano fasinjoji biyu sun shiga ne da fasfon wani ɗan Italiya da na wani ɗan Ostiriya, waɗanda aka sace a Tailan. Saboda haka wanda ya kira ya ce nasa ne, shi zai ba da bayani, kai kana saurare. Tambaye shi ranar haihuwa, garin haihuwa, ƙasar da ya je ta ƙarshe, launin rigar fasfon, da abin da ke cuse a ciki. Kada ka ce "an haife ka a wata kaza, ko?" domin ka ba shi amsa ke nan. Mai shi na gaskiya sau da yawa yana da hoton shafin a wayarsa, ko wani katin shaida mai suna ɗaya.

Ku haɗu da rana, a wurin jama'a mai kyamarar tsaro, ko ma a harabar ofishin 'yan sanda. Kada ka ba da adireshin gidanka. Dubi fuska, dubi hoto, ya sa hannu a takarda cewa ya karɓa, ka kwatanta da sa hannun da ke littafin idan akwai.

Idan wani ne ya zo a madadinsa, ya ce shi ɗan'uwa ne, ko dillalin tafiya, ko maigidansa a wurin aiki, kada ka bayar sai ka yi magana da mai shi ta kiran bidiyo, ka ga fuskarsa, ya faɗi sunan wanda ya aiko da bakinsa. Idan aka fara kawo uzuri, an ce ba shi da lafiya, an ce yana sauri, to ka ce za ka kai ofishin jakadanci su karɓa a can. Mai gaskiya ba zai ƙi wannan ba.

Batun tukwici: kada ka nema, kada ka sa shi sharaɗi. A cikin fasfo na ƙasashe da yawa an rubuta cewa mallakar gwamnati ne, kuma riƙe shi don a biya ka na iya zama laifi. Kuɗin mota ko na aikawa da ka kashe kuwa, babu aibi ka faɗa a fili.

9. Idan awa 48 ta wuce, miƙa wa hukuma

Kada fasfon wani ya kwana a hannunka fiye da kwana biyu. Bayan haka, zato mafi ƙarfi shi ne an riga an kai rahoto, kuma ci gaba da riƙewa ba ya amfanar kowa. Kai shi da kanka ofishin jakadanci idan da hali, bayan ka kira ka ji lokacin da suke karɓa, domin da yawa ba a shiga sai da alƙawari. Idan ya yi nisa, kai wa 'yan sanda, sannan ka sanar da ofishin jakadancin sunan caji ofis ɗin da lambar rajista. Wannan sanarwar ta biyu ce mutane ke mantawa, sai littafin ya yi shekara a aljihun tebur ba wanda ya san yana nan.

Wasu ƙasashe suna da sashe na musamman. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana da ofishin da ake aika wa fasfon tsintuwa ta gidan waya daga cikin ƙasar, daga waje kuma ofishin jakadancinta mafi kusa ake kai wa. Ka sani cewa a wasu ƙasashe wanda ya koma hannun hukuma ta wannan hanyar soke shi ake yi, ba a mayar wa mai shi. Duk da haka an rufe ƙofar amfani da shi wajen cuta.

Idan aikawa za ka yi, sa shi a leda, sannan a ambulan mai kauri, tare da 'yar wasiƙa mai faɗin inda da ranar da aka tsinta. Kada ka rubuta a bayan ambulan cewa fasfo ne a ciki. Yi amfani da saƙon rajista ko kamfanin aika saƙo mai ba da lambar bibiya, wanda sai an sa hannu ake karɓa. Aikawa zuwa wata ƙasa kuwa, tambayi kamfanin da ofishin jakadancin tukuna, domin akwai ƙasashen da ke da doka kan tsallakar da fasfo ta saƙo.

10. Idan mai shi ya bayyana bayan ya kai rahoto

Gaya masa kada ya yi tafiya da shi, komai kyawunsa a ido. Ƙasashe suna tura lambobin fasfon da aka soke zuwa rumbun bayanan hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, Interpol. An kafa rumbun a 2002, kuma jami'an kan iyaka suna duba shi. Wanda ya gabatar da irin wannan fasfon ana iya hana shi hawa jirgi, a ƙwace littafin, ko a tsare shi ana tambayoyi a ƙasar da bai san kowa ba. Ya kira hukumar da ta ba shi, ya ce an gani, su faɗa masa abin da zai yi da shi da kuma bizojin da ke ciki.

Kai kuma, da zarar littafin ya bar hannunka, koma duk wuraren da ka bar saƙo ka ce an gama, ka sauke sanarwar da ka yi a intanet. Goge duk hoton fasfon da ka ɗauka, har da wanda ya shiga ma'ajiyar intanet ta wayarka da wanda ka tura wa wani ta WhatsApp. Yaga takardar da ka rubuta lambar fasfo da ranar haihuwa a kai. Rasidin miƙawa da sunan wanda ya karɓa su kaɗai za ka ajiye, aƙalla na wata shida.